Yadda ake shirya na'ura mara waya ta cika dokokin katsalandan na rediyo a ƙasashe daban-daban

Duk na'urar da ke aika saƙo ta iska, tun daga rautar Wi-Fi da abin kunne na Bluetooth har zuwa rimot ɗin mota da oba-oba, tana hawa ne kan igiyoyin rediyo waɗanda hukuma ke rabawa. Rabon kuma ba iri ɗaya ba ne a duniya. Na'urar da ke aiki lafiya lau a Amurka tana iya danne layin wayar salula a Faransa, kuma hatimin da wata ƙasa ta buga mata ba ya ɗaure wata ƙasar. Don haka mai ƙera na'ura ko mai shigo da ita don sayarwa, tun kafin ya zana allon lantarkin na'urar ko ya biya kuɗin kaya ya kamata ya san ƙasashen da za ta shiga. Mitar da na'ura ke aiki a kai tana manne ne da eriyarta da sassan jikinta, ba abu ba ne da ake sauyawa bayan kwantena ta iso tashar jirgin ruwa.

Mataki na farko: rubuta ƙasashen, ka duba zangon kowacce

Hukumar sadarwa ta duniya, ITU, ta kasa duniya gida uku. Yanki na 1 ya ƙunshi Turai da Afirka da Gabas ta Tsakiya, yanki na 2 nahiyar Amurka ce baki ɗaya, yanki na 3 kuma yawancin Asiya da Ostireliya. A cikin kowane yanki ma kowace ƙasa tana da nata jadawalin. Ka ɗauki takarda ka jera duk rediyon da ke cikin na'urarka, kowanne da mitarsa da ƙarfinsa, sannan ka gwada da jadawalin kowace ƙasa ɗaya bayan ɗaya.

Inda aka fi yin asara shi ne ƙasa da 1 GHz. A Amurka da Kanada zangon 902 zuwa 928 MHz a buɗe yake ga ƙananan na'urori ba tare da lasisi ba. A Turai da yawancin Afirka kuwa, 880 zuwa 915 MHz hanya ce da wayoyin salula ke aika saƙo zuwa turakun sadarwa. Turke yana kasa kunne ne ga siginar waya mai rauni da ke zuwa daga nesa, to idan aka kunna na'urar 915 MHz ta Amurka kusa da shi, sai ta toshe masa kunne, kira ya riƙa yankewa a duk unguwar. Abin da Turai ta ware wa irin waɗannan na'urori shi ne wajen 868 MHz da kuma 433 MHz. Japan tana amfani da 920 MHz, Ostireliya kuma 915 zuwa 928 MHz, wato rabin na Amurka kawai.

Wayar gida mara igiya ta DECT ma haka take. Ta Turai tana kan 1880 zuwa 1900 MHz, ta Amurka tana kan 1920 zuwa 1930 MHz, wanda a ƙasashe da yawa shi ne bakin zangon da wayoyin 3G da 4G ke aikawa a kai. Oba-oba marar lasisi a Turai tana kan 446 MHz da ƙarfin rabin wat, ta Amurka tana kan 462 da 467 MHz kuma tana iya kai wat 2. Rimot ɗin mota a Amurka galibi 315 MHz ne, a Turai 433.92 MHz. Sau da yawa sauya manhaja kaɗai ba ya gyara irin wannan bambanci, domin eriya da matatar sigina akan yanka su ne daidai da zango ɗaya.

Zangon 2.4 GHz, wato 2400 zuwa 2483.5 MHz, shi ne ya fi kusa da zama na kowa da kowa, shi ya sa Bluetooth ke yawo duniya ba matsala. Duk da haka Wi-Fi a Amurka yana amfani da tasha ta 1 zuwa ta 11, a Turai har ta 13, Japan kuma tana da ta 14 wadda aka keɓe wa tsohon tsarin 802.11b. A 6 GHz bambancin ya fi faɗi: Amurka ta buɗe 5925 zuwa 7125 MHz a 2020, Tarayyar Turai ta tsaya a 5945 zuwa 6425 MHz.

Mataki na biyu: lissafin ƙarfi, da eriya a ciki

Yawancin masu kuskure suna duba lambar da ke rubuce a takardar bayanin ƙwayar rediyo su ɗauka shi ke nan. Hukumomin Turai ba wannan suke aunawa ba, suna auna abin da ya fita cikin iska ne, wanda ake kira EIRP. Lissafinsa shi ne ƙarfin da rediyo ya fitar, a tara da ƙarin da eriya ke bayarwa, a cire abin da ya ɓace a cikin waya. Ana yin sa da ma'aunin desibel, wato dB, saboda tarawa da ɗebewa kawai ake yi, kuma duk ƙarin 3 dB ninki biyu ne na ƙarfi: 20 dBm shi ne miliwat 100, 23 dBm miliwat 200, 30 dBm wat 1.

Ga misali. Rediyonka yana fitar da 18 dBm, ka sa masa eriya mai bayar da ƙarin 5 dBi, wayar da ke tsakaninsu ta ci 1 dB. Jimilla 22 dBm ke nan, kimanin miliwat 158. A Turai iyakar 2.4 GHz ita ce 20 dBm, don haka ka zarce da 2 dB, dole ka rage ƙarfin rediyon zuwa 16 dBm ko ka sa ƙaramar eriya. A Amurka wannan na'urar tana can ƙasa da iyaka, domin doka ta yarda da wat 1 a bakin eriya tare da eriya mai kaiwa 6 dBi, wato har 36 dBm a iska. Idan eriyar ta wuce 6 dBi, a yawancin amfani sai a rage ƙarfin rediyo daidai da abin da ta wuce. A kula kuma, ƙasa da 1 GHz Turai tana rubuta iyaka da wani ma'aunin, ERP, wanda ya gaza EIRP da 2.15 dB. Mai haɗa ma'aunin biyu wuri ɗaya ko dai ya zarce iyaka ko ya yi wa kansa ƙwauron nisa a banza.

Ƙarfi ba shi kaɗai ake iyakancewa ba, har da tsawon lokacin da na'ura ke riƙe iska. A 868.0 zuwa 868.6 MHz Turai ta yarda da miliwat 25 da kashi 1 cikin 100 na lokaci, wato daƙiƙa 36 a cikin awa guda, sai fa idan na'urar tana saurarawa kafin ta yi magana. A 869.4 zuwa 869.65 MHz an yarda da miliwat 500 da kashi 10 cikin 100. Amurka ta bi wata hanya: na'ura mai siririyar sigina da ke tsalle daga tasha zuwa tasha a 902 zuwa 928 MHz, sai ta yi amfani da tashoshi aƙalla 50, kuma kada ta wuce daƙiƙa 0.4 a kan tasha ɗaya cikin daƙiƙa 20. Wannan yana shafar girman saƙon da za ka iya aikawa a lokaci guda, don haka mai rubuta manhaja ya san shi tun farko.

Zangon 5 GHz yana buƙatar kulawa ta musamman saboda radar. Na'urorin hasashen yanayi da na filayen jirgin sama da na soja suna zaune a 5250 zuwa 5350 MHz da 5470 zuwa 5725 MHz, kuma su ne masu wurin. Rautar da za ta shiga nan dole ta kasance da tsarin DFS: ta saurara na daƙiƙa 60 kafin ta fara watsawa, idan ta ji radar ta bar tashar cikin daƙiƙa 10, kada kuma ta koma sai bayan minti 30. A Turai, tsakanin 5600 da 5650 MHz inda radar ɗin yanayi yake, saurarawar farko minti 10 ce. Mutane da yawa kan ɗauka rauta ta lalace idan ta yi shiru bayan kunnawa, alhali doka take bi. Kashe DFS don a samu sauri babban laifi ne, domin siginar Wi-Fi tana fitowa a allon radar kamar wani dogon zane da ke rufe hadarin da ake son gani. Sannan 5150 zuwa 5350 MHz a Turai galibi na cikin gini ne, da iyakar miliwat 200.

Mataki na uku: wace hanya amincewa ke bi a kowace ƙasa

A Amurka hukumar FCC ce ke da iko, dokar kuma ita ce Sashe na 15. Ta raba na'urori gida biyu: masu watsa sigina da gangan, da waɗanda hayaniyar lantarki ke tsere musu ba da niyya ba, kamar kwamfuta da caja. Mai watsawa da gangan sai an gwada shi a ɗakin gwajin da FCC ta amince da shi, wata cibiyar tantancewa ta duba rahoton, sannan a ba shi lambar FCC ID da za a buga a jikinsa. Rukuni na biyu yawanci shelar mai kaya ta isa, muddin an yi gwajin kuma akwai wanda ke ɗaukar alhaki a cikin Amurka. Dole littafin na'ura ya ɗauki sharuɗɗa biyu: ba za ta jawo katsalandan mai cutarwa ba, kuma za ta haƙura da duk katsalandan ɗin da ya same ta. Akwai kuma dokar eriya, wadda ta hana a ƙera na'urar da mai saye zai iya ɗaura mata kowace eriya ya ga dama. Wannan ne asalin mahaɗin nan mai juyayyen tsini da ake gani a bayan rautoci.

Tarayyar Turai tana aiki da dokar kayan rediyo mai lamba 2014/53/EU, wadda ta fara aiki a 2016. A nan babu lambar da hukuma ke bayarwa. Mai ƙera na'ura ne ke gwadawa bisa ƙa'idojin da aka amince da su, ya tara fayil ɗin fasaha, ya sa hannu a takardar shela, ya buga tambarin CE, ya kuma adana takardun shekara 10. Kada sauƙin ya ruɗe ka, domin abin da ake gwadawa ya fi na Amurka yawa: lafiyar mai amfani, hayaniyar da na'ura ke fitarwa, juriyarta ga hayaniyar waje, da kuma yadda take amfani da zango. Ƙa'idojin da za ka fi cin karo da su su ne EN 300 328 don 2.4 GHz, EN 301 893 don 5 GHz, EN 300 220 don ƙasa da 1 GHz, da jerin EN 301 489 don hayaniya da juriya. Daga 1 ga Agusta 2025 an ƙara sharuɗɗan tsaron intanet ga na'urorin da ke hawa yanar gizo. Littafin na'ura kuma dole ya faɗi zangon da take aiki a kai da iyakar ƙarfinta. Birtaniya tana da nata tambarin UKCA, amma har yanzu tana karɓar CE a kan kayan rediyo.

Kanada tana kusa da Amurka a ma'auni, har sau da yawa gwaji ɗaya ke wadatar da su biyun, sai dai hukumar ISED tana ba da lambarta daban, kuma gargaɗin cikin littafi sai an rubuta shi da Ingilishi da Faransanci. Japan tana neman tambarin Giteki, kuma a can mai kunna na'urar da ba ta da shi ne doka ke kamawa. Sin tana neman amincewar SRRC da lambar CMIIT ID, gwajin kuma a cikin ƙasar ake yi. Koriya ta Kudu tana da KC, Barazil tana da ANATEL, Indiya tana da takardar ETA daga sashen WPC, Ostireliya da Niyu Zilan suna raba tambarin RCM. A Afirka akwai ICASA a Afirka ta Kudu, NCC a Nijeriya, NCA a Ghana, ARCEP a Nijar. Da yawa daga cikin hukumomin nahiyar suna karɓar rahoton gwajin da aka yi bisa ƙa'idojin Turai, amma karɓar rahoto daban, amincewa daban: sai an shigar da takarda an samu shaidarsu kafin a fara sayarwa.

Hanya mafi arha ga ƙaramin kamfani ita ce sayen modul, wato ƙaramin allon rediyo da aka riga aka gwada aka ba shi lamba. A Amurka za ka iya jingina da lambarsa, ka rubuta a jikin kayanka cewa yana ɗauke da wannan FCC ID. Sharaɗin shi ne ka yi amfani da irin eriyar da aka gwada shi da ita, mai ƙarfi daidai ko ƙasa, ka kuma bi umarnin haɗawa. Duk da haka sai an gwada na'urar gaba ɗaya don hayaniyar sauran sassanta. A Turai kuwa alhakin na'urar da aka kammala yana wuyanka ne kacokan, ko da modul ɗin yana da CE.

Mataki na huɗu: gwaji, da abin da ke kayar da na'ura

Ka tanadi samfuri aƙalla biyu. Ɗaya cikakke kamar yadda za a sayar, da cajarsa da duk wayoyinsa. Ɗayan kuma a cire masa eriya a sa mahaɗi a wurinta, don a auna ƙarfi kai tsaye ta waya. Ka tanadi manhajar gwaji da za ta sa rediyon ya yi ta watsawa ba tsayawa a tashar ƙasa da ta tsakiya da ta sama, da cikakken ƙarfi. Rashin wannan manhaja kaɗai yana cinye ranakun da aka biya kuɗin ɗakin gwaji.

A ɗakin, ana ɗora na'ura a kan tebur mai juyawa, eriyar awo tana nesa da mita 3 ko 10, ana ɗaga ta daga tsayin mita 1 zuwa 4, har a gano inda hayaniya ta fi ƙarfi. Ga kayan gida, wato aji B, iyakar FCC a nisan mita 3 ita ce 40 dBµV/m (ma'aunin ƙarfin hayaniya a iska) daga 30 zuwa 88 MHz, 43.5 har zuwa 216 MHz, 46 har zuwa 960 MHz, sannan 54 daga nan zuwa sama. Aji A na masana'antu ya fi sassauci, amma ba a fakewa da shi a sayar wa gidaje. Ana kuma auna hayaniyar da ke komawa cikin wayar wutar gida daga 150 kHz zuwa 30 MHz. Don Turai za a ƙara da harba wa na'urar tartsatsin lantarki na kilobolt 4 ta taɓawa da 8 ta iska, a kuma jiƙa ta da sigina mai ƙarfin bolt 3 a kowace mita, a ga ko za ta rikice. Idan na'ura ce da ake riƙewa a jiki, akwai awon SAR, wato yawan ƙarfin siginar da jiki ke sha: wat 1.6 a kilo bisa giram 1 na nama a Amurka, wat 2 a kilo bisa giram 10 a Turai.

Sau da yawa ba rediyon ne ke kayar da na'ura ba, sashen wuta ne da wayoyi. Caja da masu sauya ƙarfin wuta suna kunnawa da kashewa sau dubbai ɗaruruwa a daƙiƙa, wannan kaifin sauyi yana haifar da hayaniya, doguwar waya kuma ta zame mata eriya. Wayar USB mai tsawon mita 1 tana watsawa sosai a wajen 75 MHz, domin tsawonta ya yi daidai da rubu'in tsawon igiyar rediyo ta 75 MHz. Gwajin ganowa mai sauƙi ne: ka riƙa zare wayoyi ɗaya bayan ɗaya kana kallon allon awo. Wadda ka zare tsinin hayaniyar da ke kan allon ya faɗi, ita ce mai laifi. Maganin gaggawa zoben ferait ne a bakin wayar, dab da inda ta fito daga akwati. Magani mai ɗorewa shi ne matata a kan allo da kuma haɗa garkuwar wayar da jikin mahaɗi a kewaye gaba ɗaya, ba da ɗan siririn zare ɗaya ba.

Idan tsinayen suna jere da tazara iri ɗaya, agogon allo ne, wato siginar da ke buga wa sassan na'ura lokaci. Agogo mai 25 MHz zai fito a 50, 75, 100, 125 har sama. Tazarar ita ke gaya maka wane agogo ne. Ana rage shi da ƙaramin resista na ohm 22 zuwa 33 a kan layin, kusa da inda siginar ta taso, da gajarta layin, da tabbatar da cewa shimfiɗar tagullar da ke ƙarƙashinsa ba ta tsage ba. Layi mai sauri da ya tsallaka tsaga yana tilasta wa wutar da ke dawowa ta yi zagaye, zagayen nan kuma shi ke watsa hayaniya.

Shi kansa rediyon yana da ninkin mitarsa. Na 2.4 GHz yana fitar da ninki biyu a wajen 4.8 zuwa 4.96 GHz, wanda ya faɗa cikin zangon da FCC ta tsaurara, inda iyaka ita ce 54 dBµV/m. Na 915 MHz yana fitowa a 1830 MHz. Matata mai tare manyan mitoci tsakanin rediyo da eriya ita ce magani, tare da murfin ƙarfe a kan sashen rediyon. Gefen zango ma tarko ne: daga 2483.5 zuwa 2500 MHz da kuma 2310 zuwa 2390 MHz duk tsaurarru ne, shi ya sa ake rage ƙarfin tasha ta 1 da ta 11 fiye da na tsakiya. Ka bar wuraren sa matata a allo tun zanen farko ko da ba za ka cika su ba. Kafin ka je ɗakin gwaji na kuɗi, ka yi naka awon da na'urar duba mita da ɗan madaukin waya mai shinshinar allo, ka nemi ratar 6 dB ƙasa da iyaka, domin samfuri ba ya fita iri ɗaya da ɗan'uwansa.

Mataki na biyar: kulle saiti, lakabi, da abin da ke biyo baya

Idan na'ura ɗaya za ta je ƙasashe da yawa, a saka mata jadawalin tashoshi da ƙarfi na kowace ƙasa, a kuma kulle shi daga masana'anta. FCC ba ta yarda mai saye ya iya sauya ƙasa ya buɗe tashoshin da aka hana ba. Lambar samfurin da ke jikin lakabi ta dace da ta rahoton gwaji harafi da harafi, domin jami'an kwastan da masu sa ido a kasuwa wannan suke fara dubawa.

Amincewa tana bin samfurin da aka gwada ne. Sauya eriya, ko ƙwayar rediyo, ko akwatin ƙarfe zuwa na roba, ko ma kamfanin caja, duk suna iya sauya sakamako. A Amurka ƙananan sauye-sauye suna da hanyarsu ta sanarwa, manya kuma kan buƙaci sabuwar lamba. A Turai sai ka sake auna haɗarin, ka sabunta fayil.

Mai shigo da kayan da wani ya ƙera ya nemi cikakken rahoton gwaji, kada ya tsaya a takardar shaida mai shafi ɗaya. Ya duba hotunan cikin rahoton ko sun yi daidai da allon da ke hannunsa, ya duba mitar da aka gwada, ya kuma shigar da FCC ID a rumbun bayanan hukumar, wanda a buɗe yake ga kowa, ya ga ko sunan kamfani da nau'in na'ura sun dace. Kaya iri biyu kuma ya nisance su ko da wane tambari suke ɗauke da shi: na'urar toshe sigina, wadda Amurka da Tarayyar Turai da ƙasashe da dama suka haramta sayar da ita, da na'urar ƙara ƙarfin layin salula da ba ta da amincewa. Ta biyun idan eriyarta ta ciki da ta waje suka yi kusa, takan riƙa jin muryar kanta tana sake ƙarawa, har ta cika zangon da ƙara ta danne turken da ke kusa. Injiniyoyin kamfanin waya suna bin irin wannan sigina da eriya mai nuna alƙibla har ƙofar ginin da take, kuma a ƙasashe da yawa hukuma tana da ikon ƙwace na'urar da cin tarar wanda ya kunna ta.